WAYA TA ƁACE, INA AMANAR DA KE CIKINTA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.), Masanin fili da ɓoye, Wanda Ya lulluɓe mu da suturarSa alhali Ya san halinmu ciki da waje. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda mutanen Makka suka laƙaba wa Al-Amin tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa Musulmi maza da mata. Nasiharmu a wannan fitowa ta shafi wani abu ne ƙarami wanda ke cikin aljihun kusan kowannenmu, wato wayar hannu. Ko a Nima ne ko Mamobi ko Sabon Zango a Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, har zuwa Tamale, da wuya mutum ya zauna wurin shan ataya bai ji labarin wanda wayarsa ta salwanta ba. Wani an zare masa a cikin trotro, wani masu babur sun fizge tana kunnensa, wata ta faɗi a cunkoson Kejetia, wani kuwa ya sa caji a masallaci ya tafi alwala, ya dawo ya tarar da igiya kawai.

To, in aka yi wa mutum jaje, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne kuɗin da ya saye ta. Sidi kaza, ko wata uku ba ta yi ba. Mu ma masu jaje a nan muke tsayawa, mu ce Allah Ya mayar da alheri, mu watse. Da wuya ka ji an tambaya: shin wayar a kulle take? Asirin wa da wa ke ciki? Wannan tambayar ita muke so mu tsaya a kanta, domin asarar kuɗi ta mai waya ce shi kaɗai, amma abin da ke cikin wayar haƙƙin mutane ne masu yawa, kuma Allah zai tambaye mu a kansa.

ABIN DA MUKE ƊAUKE DA SHI

Kowannenmu ya buɗe wayarsa ya duba da idon basira. Akwai lambobin iyayenmu mata da ƙannenmu mata da matan yayyenmu. Akwai hotunan suna da na aure, waɗanda aka ɗauka a cikin gida mata ba mayafi, domin sun san ɗan gida ne ke ɗauka. Akwai saƙon murya da aboki ya turo tsakar dare yana kukan matsalar gidansa ko bashin da ya yi masa katutu. Akwai hoton Ghana Card na kawu ko na gwaggo da aka turo don a cika musu wata takarda, an gama aikin an manta ba a goge ba. Akwai takardar asibiti ta wata 'yar'uwa. In kuwa mutum ma'aji ne ko magatakarda na ƙungiya, to akwai sunayen 'yan adashi da abin da kowa ya zuba, har da sunayen marayu da zawarawa da aka taimaka wa a ɓoye.

Ko mutum ɗaya daga cikin waɗannan bai ba mu abinsa don ya je hannun baƙo ba. Sun ba mu ne don sun yarda da mu. Hadisi ya zo a littattafan Abu Dawud da Tirmizi daga Jabir (R.A.), wanda ma'anarsa ke nuna cewa in mutum ya faɗa maka magana sannan ya waiwaya yana duba ko wani na ji, to wannan magana ta zama amana a wuyanka, ko bai ce ka riƙe ba. In waiwaye kaɗai ya isa ya mayar da magana amana, ina ga saƙon da aka turo maka kai kaɗai?

Allah (S.W.T.) Ya umurce mu da mayar da amana ga masu ita a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, kuma Ya hana muminai ha'intar amanoninsu a aya ta 27 ta Suratul Anfal. Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa cin amana cikin alamomi uku na munafuki, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.). Mu tuna kuma daren Hijira a shekarar 622 Miladiyya. Maƙiya sun kewaye gida suna neman ransa, amma bai fita daga Makka ba sai da ya bar Sayyidina Ali (R.A.) a baya don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali da yawa daga masu ajiyar ba su yi imani da shi ba. Wanda ake farautar ransa bai manta da kayan mutane ba. Mu da ke cikin kwanciyar hankali, wane uzuri gare mu?

ƘADDARA DA SAKACI

Wani zai ce, ai ɓacewar waya ƙaddara ce, ba da son raina ba. Gaskiya ne, kuma malamanmu na fiƙihu sun riga sun warware wannan a babin ajiya, wanda ake kira wadi'a, kuma duk wanda ya zauna gaban malam a makaranta ya yi nisa zai iske shi. Hukuncin shi ne, wanda aka ba ajiya amintacce ne. In kayan suka salwanta, gobara ce ko ɓarawo, bayan ya adana su yadda ake adana irinsu, babu biya a kansa. Amma in ya yi sakaci, misali ya bar su a waje ko ya bar akwati a buɗe, to biya ta hau kansa.

Mu auna waya da wannan ma'auni. Wanda ya kulle wayarsa da kyau sannan aka fizge, ya yi abin da ke kansa, sai mu yi masa jaje. Amma wanda ke yawo da asirin mutum ɗari biyu a waya marar makulli, ko makullin da yaro ma zai iya cinka, ya yi kama da wanda aka ba ajiyar zinariya ya ajiye a bakin ƙofa. Fizgewar ƙaddara ce, barin ta a buɗe kuwa aikin hannunsa ne. Ga kuma wani abu mai ban tsoro: kuɗi in sun salwanta ana iya biyan mai su, amma hoton 'yar mutane in ya bazu, da me za a biya? Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta saurin tafiya.

Kada wani ya fake da tawakkali. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara. Lambar sirri ita ce igiyar raƙumar zamaninmu.

ABIN YI TUN WAYA NA HANNU

Yawancin abin da zai ceci amana sai an yi shi tun waya na hannu, in ba haka ba ya zama ihu bayan hari. Ga abubuwa bakwai, dukkansu ba za su ci awa guda ba, kuma ba sa buƙatar ko kwabo.

Na farko, makullin fuskar waya. Lamba mai ƙwaya 4 tana da yiwuwa 10,000, mai ƙwaya 6 kuwa 1,000,000, saboda haka mu zaɓi mai 6 ko fiye. Mu guji 1234 da 0000 da shekarar haihuwa da ƙarshen lambar wayarmu, domin su ɓarawo ke fara gwadawa. Zanen da ake ja da yatsa yana da rauni, don maiƙon hannu kan bar sawunsa a gilashi, kuma na kusa da kai a mota yana iya haddace shi da kallo ɗaya. Wayoyin iPhone da na Android na 'yan shekarun nan suna cuɗe bayanan da ke cikinsu ta yadda ba sa karantuwa sai da wannan lamba. Ma'ana, ƙarfin kariyar daidai yake da ƙarfin lambar da ka zaɓa. A sa waya ta riƙa kulle kanta bayan daƙiƙa 30, kuma a hana ta nuna abin da saƙo ya ƙunsa matuƙar tana kulle.

Na biyu, makullin sim, wanda mutane ƙalilan ne suka damu da shi. Ko waya na kulle, ɓarawo yana iya zare sim ya sa a wata wayar, nan take ya zama kai: kiranka ya shigo masa, saƙonnin banki su shigo masa, lambar buɗe WhatsApp ta shigo masa. In an sa wa sim lambar sirri, ba zai yi aiki a kowace waya ba sai an buga ta. A lura, in aka buga kuskure sau 3 sim zai toshe sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓalle sim daga gare shi, kuma in aka yi kuskuren PUK sau 10 sim ya mutu ke nan. Don haka wanda bai san lambar farko ta sim ɗinsa ba ya tambayi kamfanin layinsa, kada ya yi ta cinke. Mu tuna kuma tun Oktoba 2021 aka fara haɗa rajistar layi da Ghana Card, saboda haka duk ɓarnar da aka yi da layinka, sunanka za a fara gani.

Na uku, lambar MoMo. Tun 2009 da aka fara aika kuɗi ta waya a Gana, waya ta zama lalitar talaka. Kuɗin ba a cikin ƙarfen suke ba, suna wurin kamfani, kuma abin da ke buɗe su shi ne sim da lambar sirri. To kada lambar MoMo ta zama ɗaya da ta buɗe waya. Kada a rubuta ta a cikin wayar, ko a jerin lambobi, ko a takarda a bayan murfi tare da katin banki. In za a buga ta a gaban mai shago a kare da hannu. Wannan ya fi zama wajibi a kan wanda kuɗin adashi ko na gyaran masallaci ke layinsa.

Na huɗu, WhatsApp yana da mataki na biyu na tabbatarwa, wato lamba mai ƙwaya 6 wadda kai ne za ka ƙirƙira. In an kunna shi, ko wani ya sami sim ɗinka ba zai buɗe WhatsApp ɗinka a wata waya nan take ba. Nan ne yawancin asirin mutane ke kwance, kuma nan ne ɓarawo ke shiga ya rubuta wa 'yan'uwanka na Jamus ko Amurka ko Saudiyya da sunanka cewa Hajiya na asibiti a turo kuɗi.

Na biyar, a kunna hanyar neman waya daga nesa. A iPhone sunanta Find My, a Android kuwa Find My Device, wanda Google ya sauya wa suna zuwa Find Hub a 2025. Da ita ake ganin inda waya take, a kulle ta, ko a goge ta baki ɗaya. Amma duk wannan ba ya yiwuwa sai ka san adireshin imel ɗinka da kalmar sirrinsa. Nan ne da yawanmu ke faɗuwa, domin mai shago ne ya buɗe mana imel ranar da muka sayi waya, mu ba mu sani ba, shi kuwa ya sani. Duk wanda ke cikin wannan hali ya sauya kalmar sirrin yau, ya haddace. A 2024 kuma kamfanonin biyu sun ƙaro kariya ta musamman don sata. Ta Android tana kulle waya in ta ji alamar an fizge ta an ruga, ta iPhone kuwa tana hana sauya muhimman abubuwa sai da fuska ko yatsan mai ita. Wanda wayarsa ke da su ya kunna.

Na shida, a buga *#06#. Lamba mai ƙwaya 15 za ta fito, ita ce IMEI, wato shaidar wannan waya da ta bambanta ta da sauran. A rubuta ta a littafi a gida, tare da rasit da kwalin waya. Ita 'yan sanda za su tambaya, kuma da ita za ka tabbatar wayar taka ce in an same ta.

Na bakwai, shara. Abin da ba ya cikin waya ba a iya sace shi. Hoton katin wani, in an gama aikinsa a goge. Saƙon asirin aboki, in an ji a goge. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma Huzaifa ɗan Yaman (R.A.), wanda Manzon Allah (S.A.W.) ya ba sunayen munafukai, a ƙirjinsa ya riƙe su. A kula da katin memori musamman, domin galibi makullin waya ba ya kare shi, ana zare shi a karanta a ko'ina.

IN ƘADDARA TA FAƊA

In waya ta salwanta, mu fara da istirja'i, mu mayar da al'amari ga Allah, sannan mu tashi tsaye, domin awannin farko su ne masu tsada. Kada a ce sai gobe, ko a zauna ana ta kiran layin ana fatan mai tsoron Allah ne ya tsinta. Kira ɗaya ko biyu ya isa.

A ari wayar ɗan'uwa a shiga Find My ko Find Hub a kulle wayar, a rubuta saƙo a fuskarta da lambar da za a kira. Bayan an gama a fita daga asusun, kada a bar shi a buɗe a wayar aro. Sannan a kira kamfanin layi a lamba 100 daga wata waya mai irin layin, ko a je ofishinsu, a ce su rufe sim da asusun kuɗin da ke kansa. In akwai manhajar banki a wayar, a sanar da banki. Daga nan a tafi da Ghana Card a karɓi sabon sim mai lambar da, a buɗe WhatsApp da shi a wata waya, domin da zarar an yi haka na tsohuwar wayar zai rufe. Ko da ɓarawo ya riga ya sa tasa lambar mataki na biyu, shi dai an fitar da shi, kai kuwa za ka jira kwana 7 ka shiga. A sauya kalmar sirrin imel da Facebook da sauransu, a fitar da wayar da ta ɓace daga cikinsu.

Wajibi ne kuma a sanar da mutane. A faɗa wa dangi, a faɗa a zauren ƙungiya, in ta kama a roƙi liman ya yi shela bayan salla, cewa duk saƙon neman kuɗi da ya fito daga lambar wane kada a amsa. Wanda kuma ya san akwai wani abu mai nauyi na wani a wayar, ya same shi a keɓe ya faɗa masa. Abin da kunya, amma gara ya ji daga bakinka ya shirya, da ya ji daga bakin azzalumi.

A kai ƙara ofishin 'yan sanda da lambar IMEI. In taswira ta nuna inda wayar take, kada samari su haɗa gayya su tafi ƙwato. Taswira tana nuna unguwa ne ko gida, kuma a gidajenmu na zango ɗaki nawa ne a gida ɗaya? Ta haka ake dukan wanda bai ji ba bai gani ba, wani lokaci har a rasa rai a kan ƙarfe. Shari'a ba ta ba taron jama'a hukunci ba. Haka nan zuwa wurin mai duba don ya faɗi ɓarawo haramun ne, kuma yana raba zumunci a kan zato.

A yi hattara da wani tarko. Bayan kwana biyu saƙo kan shigo cewa an ga wayarka, latsa nan ka sa kalmar sirrinka. Masu wayar a hannu ne ke neman makulli daga wurinka, domin ba tare da shi ba wayar ba ta saye da daraja. Kada a latsa. In an fid da rai, a ba da umurnin goge wayar daga nesa. Umurnin zai jira har ta hau intanet sannan ya zartu. Ciwo ne mutum ya rasa hotunansa, amma rufin asirin mutane shi ne gaba.

MAI TSINTUWA, MAI SAYE, MAI GYARA

Yanzu mu juyo ga ɗaya ɓangaren, domin wayar da ta fita daga hannun wani, hannun wani take shiga, kuma sau da yawa ɗan zango ne ɗan'uwanmu. Wanda ya tsinci waya, tsintuwa tana da hukunci. Hadisin Zaid ɗan Khalid Al-Juhani (R.A.) a Bukhari da Muslim ya nuna a kiyaye alamomin abin da aka tsinta, a yi cigiya har shekara guda, kuma a kan haka malaman Malikiyya suke. Cigiyar waya kuwa ta fi kowace sauƙi: a bar ta a kunne, a sa mata caji, mai ita zai kira. Wanda ya tsinta ya kashe ta ya jefar da sim, ya san sunan abin da ya yi.

Ko ta zo a buɗe, bai halatta a shiga hotuna da saƙonni ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nur kuwa ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, kuma waya ta fi ɗaki ɓoye abu. Iyakar abin da ya halatta shi ne neman lambar da za ta kai ka ga mai ita. Wanda kuwa ya ga hoto ya tura wa wani, ya shiga gargaɗin aya ta 19 ta Suratun Nur a kan masu son alfasha ta bazu cikin muminai, haka ma duk wanda ya karɓa ya tura gaba.

Sai mai saye. In wani ya tare ka a gefen hanya a Circle ko Adum da waya ta sidi dubbai yana neman 'yan ɗaruruwa, ba kwali ba rasit, yana waige-waige, zuciyarka ta riga ta ba ka fatawa. Ba don mai saye ba da mai fizge ya nemi wata sana'a, kuma aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Abokin ɓarawo ɓarawo ne. Dokar laifuka ta Gana ta 1960 ma ta sa karɓar kayan da aka san na sata ne cikin laifuka. Wanda zai sayi tsohuwar waya ya nemi rasit, ya gwada IMEI da na kwali, ya sa mai sayarwa ya cire asusunsa a gabansa. Wanda zai sayar da tasa kuwa ya cire sim da memori da asusunsa, ya goge ta tas kafin ya miƙa.

Ga 'yan'uwanmu masu gyaran waya, sana'arku halal ce mai albarka, kuma kun fi kowa riƙe amanar jama'a. Wadda ta kawo gyaran gilashi ba ta ba ku izinin kallon hotunanta ba. Wanda ya kawo waya a kulle ya ce a fasa makulli, bai san imel ba, bai san lamba ba, ba shi da rasit, ku ji tsoron Allah ku mayar masa. Kuɗin wannan aiki kaɗan ne, alhakinsa kuwa mai yawa.

KALMA GA WANDA AKA RIGA AKA CUTA

Akwai hotunan da tun farko bai kamata a ɗauka ba, ko tsakanin saurayi da budurwa, ko ma tsakanin miji da mata. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri (R.A.) gargaɗi mai tsanani a kan mijin da ke tona asirin shimfiɗar iyalinsa, kuma ajiye irin wannan a waya kai asirin bakin ƙofa ne. Mai irinsu ya goge yau, ya tuba, Allah Mai karɓar tuba ne.

Amma in abin ya riga ya faru, wani ya sami hoto yana barazanar watsawa sai an ba shi kuɗi, to kada a biya, domin wanda aka ba sau ɗaya zai dawo. Kada kuma a yi shiru ana cin wuta a ciki. A faɗa wa wani babba amintacce, a adana saƙonnin barazanar, a kira lamba 292 ta hukumar tsaron intanet ta ƙasa. Dokar tsaron intanet ta 2020, mai lamba 1038, ta haramta watsa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba, da yi masa barazana da shi. Mu kuwa jama'a, aikinmu sutura ne. Hadisi ingantacce ya yi albishir cewa mai rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira. Yarinyar da aka tona tana buƙatar 'yan'uwa, kada mu zama mu ne masu ƙarasa aikin azzalumi da bakinmu.

KIRA GA RASSANMU

Muna kira ga kowane reshe na ƙungiya ya ware zama ɗaya bayan karatun mako don wannan aiki. Kowa ya fito da wayarsa, waɗanda suka iya su nuna wa waɗanda ba su iya ba, amma kowa ya buga lambarsa da hannunsa ba wanda ya gani. 'Yan'uwa mata su yi nasu zaman. Daga nan kowa ya koma gida ya duba wayar mahaifiyarsa da ta mahaifinsa, domin su ne suka fi rauni a wannan fage, kuma hidimarsu a nan tana cikin biyayyar iyaye. Ma'aji da magatakarda su riƙe littafin takarda a gida, kada lissafin jama'a ya zauna a waya kaɗai.

Ya 'yan'uwa, akwai ranar da za a bayyana abin da zukata suka ɓoye, ranar da babu lambar sirrin da za ta yi amfani. Wanda yake fatan Allah Ya suturta shi a wannan rana, ya fara da suturta waɗanda suka amince masa a yau.

Ya Allah Ka rufa mana asiri duniya da lahira, Ka sanya mu cikin masu riƙon amana, Ka mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ka shiryi matasanmu da suka faɗa sata Ka buɗa musu hanyar halal. Ka zaunar da zangunanmu da ƙasarmu Gana lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.